Anko da yaron cikin wayar Mama

Jiya a kasuwar Sabon Gari muna zaɓen ankon bikin ƙanwata, na ce wa Mama, "Koriyar atamfar nan za mu ɗauka." Ta taɓe baki.

Sai ta ɗauki hoton atamfofin, ta tambayi manhajar AI ɗin da ni na saka mata a waya da hannuna. Manhaja ta ce koriya.

Mama ta washe baki. "Kin ji ko? Yaron nan akwai ido."

"Mama, ai abin da na faɗa ke nan."

"Ke faɗa kawai kika yi. Shi kuwa ya kawo dalili."

Tun tasowata ni ke zaɓen anko a gidanmu, ba a taɓa cewa ina da ido ba.

Ku ma an yi muku irin wannan ƙanen a gida?