Ranar da Soket ɗin Kicin Ya Mutu

A Birnin Tsaba na tashi, cikin ƙasar Zurmi, a gidan da ba mu san wata wuta ba sai ta murhu da ta fitilar ƙwai. Murhun kakarmu ta wajen uba, Kaka Ige, shi ne na ƙarshen mutuwa a gidan. In an ci tuwo an yi sallah, takan tura guntayen karan dawa cikin garwashi, mu jikoki mu kewaye ta, kowa na neman gefen da hayaƙi bai bi ba. Ba ta da doguwar shimfiɗa. Sai ta ƙwanƙwasa ludayi a bakin ƙwarya ta ce, "Ku yi kurum, ga wata nan ta zaka." Mu ce ta iso lafiya.

Kaka Ige ba ta cika ba mu dariya ba. Tatsuniyoyinta yawanci na mutane ne irinmu, masu gona da awaki, kuma ba ta gyara ƙarshensu don ta faranta mana. Akwai guda da na tsana ina yaro, ta wasu wa da ƙane masu lambu a bakin fadama.

Wan shi ke shuka, ƙanen shi ke ban ruwa. Yakan jawo daga rijiya ya zuba a bakin magudana, ruwa ya bi ya shayar da fangali bayan fangali, har na ƙarshe inda aka dasa albasa. Wata rana wan ya tarar da fangalin ƙarshe ya bushe, albasa ta kwanta. Nan take ya ce ƙanen barci yake yi a gindin rijiya. Ƙanen ya rantse, ya buɗe tafin hannunsa da igiya ta cinye, wan bai ko duba ba. A gaban maƙwabta ya ce masa ba abin da ya iya sai ci. Ƙanen ya ajiye guga, ya ɗauki rigarsa ya kama hanya.

Wan ya karɓi ban ruwa da kansa. Tun hantsi yake zubawa har rana ta take, fangalin ƙarshe bai ga ko ɗigo ba. Sai a lokacin ya bi magudanar da ƙafa, yana ɗaga ciyawa. A tsakiya ya iske ramin gafiya yana shanye ruwan. Dunƙulen laka ɗaya ya toshe shi. Albasa ta tashi. Shi kuwa ya shiga kasuwanni yana cigiyar ɗan'uwansa.

A nan Kaka takan tsaya tana gyara wuta.

"Kaka, ya dawo?"

"Bai dawo ba."

"To don mi bai duba ba tun farko?"

"Ƙanen na gabanai, ramin na cikin haki. Ku tashi, nan ta tsaya."

Shekaru sun ja, Kaka Ige ta rasu, ni kuma na zama malamin makaranta a Kaura Namoda. Babanmu ya dawo wurina da zama saboda ciwon suga, kuma allurarsa ba ta son zafi. Don ita na sa ƙaramar sola a gidan, wadda ke riƙe firijin kicin da 'yan ƙwayayen fitila. Na gargaɗi kowa kada a jona mata abu mai jan wuta. Ana haka ƙanwata Dije ta zo daga Galadi da jaririnta, bayan 'yan bindiga sun kashe mijinta a hanyar kasuwa. A makon farko ta taɓa jona butar lantarki don ta ɗumama wa yaron ruwan wanka. Na yi mata magana, ta ba da haƙuri.

Wata safiya cikin bazara matata Rabi ta ce firiji ya yi shiru. Na buɗe, na ji ɗumi ya bugi fuskata. Fitilar kicin na ci. Na cire fulogin firiji na jona cajar waya a soket ɗin, ko alama. Rabi ta yi maza ta ƙulle allurar a leda ta binne cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Ni kuwa idona ya sauka kan butar nan a kan kantar kicin.

"Dije, ke kika jona buta?"

"Wallahi Yaya, tun ranar da ka hana ban sake ba."

"Mun ba ki wurin kwana, ba mu ce ki kashe mana tsoho ba."

Haka na faɗa, a gaban Rabi, Baba na ji daga ɗakinsa. Dije ta gyara goyonta ta shige ciki.

Na kira Malam Yohanna, wani mutumin kudancin Kaduna da ya daɗe yana gyaran wuta a unguwarmu. Tun a ƙofa na gaya masa an ƙona mana soket da buta. Ya ce, "To, bari mu gani, Malam." Ya fara jawo doguwar waya daga falo ya jona firijin, sai ga shi ya tashi yana gurnani. Ya ce firiji lafiyarsa lau, a mayar da maganin Baba. Ya duba akwatin fis, babu wanda ya faɗi. Sannan ya kashe wutar gidan gaba ɗaya, ya taɓa da tastarsa ta gwada wuta ya tabbatar, ya kwance soket ɗin ya miƙo mini.

"Shinshina. Ka ji ƙauri?"

"A'a."

"Da nauyi ya ƙona shi, da ka ga baƙi a nan. Wannan ba abin da ya same shi. Wutar ce ba ta isowa."

Ya shiga bin bango da tafin hannu, daga kicin zuwa baranda, yana lissafin inda wayar ta bi cikin siminti. Ya tsaya daidai ƙarƙashin wani sabon agogon bango.

"Wannan yaushe aka rataye shi?"

Ni na kafa ƙusar, jiya da la'asar, da hannuna. Da ya fasa shafen wurin, ga ƙusar ta huda bututu ta datse wayar. Ya ce in gode wa Allah da ƙotar gudumar ta itace ce. Cikin ɗan lokaci ya haɗa wayar a ƙaramin akwati, ya kunna wuta, soket ya dawo.

Na tarar da Dije ta ƙulle kayanta a zani, wai za ta wurin gwaggonmu a Shinkafi. Na tsaya a bakin ƙofa na gaya mata abin da aka gano, na roƙe ta gafara. Ta ce, "Ba komai Yaya, ai gidanka ne." Baba ne ya dafo bango ya fito, ya ce in ta fita shi ma a nema masa mota. Sai ta kwance ƙullin.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar nan ta gaggawa ce kawai, ta mutumin da ya yi magana kafin ya duba. Yanzu na ga abin ya fi haka. A gidan akwai ni, akwai Rabi, akwai masu shiga da fita, amma bakina ya zaɓi wadda ba ta da inda za ta, wadda na san ba za ta mayar mini ba. Ni Allah ya rufa mini asiri, tawa ba ta tafi ba. Ta yi shekara guda da mu, tana dafa wa Baba abincinsa, muna hira, har da dariya. Sai dai duk lokacin da wayarta ta mutu, takan zo ta tsaya da caja a hannu ta ce, "Yaya, in jona?" Kullum nakan ce mata ta daina tambaya, gidansu ne. Kullum kuma washegari sai ta sake tambaya.