Jirgin Kaka a Bayan Gida

Jiya masu gyaran titi suka zo layinmu a unguwar Gorton ta Manchester da tukunyar kwalta. Ina tsaye ina jiran bas sai warin ya daki hancina. Bas ta zo ta wuce ina kallonta. Kai mai karatu, wataƙila a wurinka kwalta titi ce kawai. Ni kuwa in na shaƙe ta, kakana nake gani tsugune a bayan gidanmu na unguwar Small Heath a Birmingham, yana cusa tsumma a tsakanin katako.

Masassaƙin jirgin ruwa ne, mutumin Yauri. Ina 'yar shekara tara Abba ya ɗauko shi ya kawo shi Birmingham, wai a duba masa ido. Aka duba ido aka gama, tsoho bai koma ba. Abba likita ne, ba ya wuni a gida, don haka ni na zama abokiyar hirar Kaka. Amarya yake ce mini, ni kuma in ce na fasa auren tunda angon ba haƙora. Sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Amma ko a tsakiyar dariya, in aka buɗe famfo a kicin yakan yi shiru ya kasa kunne.

Umma ce ta gaya mini dalili, wata rana tana yi mini kitso. A sana'arsu, duk wanda ya sassaƙa jirgi shi zai fara shiga, shi kaɗai, ya kai tsakiyar kogi ya dawo kafin a ɗauki kowa. Kaka bai taɓa tsallake wannan ba sai sau ɗaya. Ranar kasuwa ce, zazzaɓi ya kwantar da shi, mai jirgin kuma yana sauri, sai ya ce a ɗauka a tafi. Jirgin ya nutse da mutane, a cikinsu har da gwaggona, ƙanwar Abba. Wasu sun ce lodi ne ya yi yawa, wasu sun ce katakon ne ya buɗe. Kaka bai san wanne ba ne, kuma tun daga ranar bai sake ɗaukar gizago ba.

Wata Asabar muka bi ta kan gadar magudanar ruwan nan da dogayen jirage ke bi a cikin gari. Ya daɗe yana kallon ruwan, kore shar, ko motsi ba ya yi. Da muka dawo gida ya ce wa Abba a sayo masa katako. Yana so ya yi jirgi guda ɗaya tak, ya shiga ruwan nan da shi da kansa, ya gani ko hannunsa ne ya ci 'yarsa. Bayan kwana uku katako ya iso.

Bazarar nan tamu ta Ingila, wadda rana ke ƙin faɗuwa, a kan jirgin ta ƙare. Kaka ba ya amfani da tef na awo. Da kamu yake awo da taƙi, sai yatsu in abin ya zo ƙarshe. Yakan ƙwanƙwasa katako sau uku ya kara kunne, in amon bai yi masa ba ya jefar da shi gefe. Ya narka kwalta a tsohuwar tukunyar Umma, abin da ba ta yafe masa ba har ya koma ga Allah. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwar Baturiya, ta leƙo ta kan shinge ta ce za ta kira council, wato hukumar gari, saboda hayaƙi, amma washegari ita ce ta miƙo masa shayi. Ni dai ina zaune a kan bokiti ina zuba masa surutu, ya ce in ya je ya dawo lafiya, amarya ce ta biyun shiga.

Ganye ya fara zuba lokacin da jirgin ya kammala, baƙi wuluk, siriri kamar ɓawon gyaɗa. Sai a ranar muka tuna da abin da ɗan bakin kogi ba zai taɓa tunawa ba. Can gida a gaɓa ake sassaƙa jirgi, in an gama a tura shi ruwa, ba ruwan kowa da ƙofa. Mu kuwa gidajenmu a manne suke da juna, hanyar fita daga baya ɗaya ce, wani ɗan lungu mai rufi inda ake jan kwandon shara. Abba ya ɗauko tef ya auna jirgin, ya je ya auna lungun, ya dawo yana naɗe tef ɗin a hannu.

"Baba, ba zai wuce ba," in ji shi. "Entry ɗin ya yi ƙunci. Ko an karkata shi ba zai shiga ba."

Kaka ya dubi lungun, ya ɗaga hannu kamar zai auna da taƙinsa, sai ya sauke. Ɗansa likita ne, ya yi awo da abin Bature, shi wane ne da zai ja? Ya ce, "To, Allah bai nufa ba."

Daga nan kullum bayan la'asar sai ya shiga jirgin ya zauna a kan ciyawa, da bargo a kafaɗa, yana kallon bangon maƙwabta. Wani lokaci nakan hango shi ta taga yana tuƙi da hannu wofi, leɓensa na motsi. Tsoro yake ba ni, ba zan ɓoye ba, har na daina fita wurinsa, kuma wannan yana ci mini rai har gobe. Hunturu biyu ya yi a haka ya rasu, bai san amsar tambayarsa ba.

Yau ni ma jiragen ruwa nake zanawa. Kamfanin da nake wa aiki yana cikin manyan masu ƙera jiragen shaƙatawa, ma'aikatarsu na bakin teku a kudu, ni kuma ina ofishinsu na Manchester. Suna alfahari da tarihinsu, kuma sun isa. Wani tsoho ne ya fara a rumfa yana yi wa masunta jiragen katako, 'ya'yansa suka sa inji, jikoki suka bar katako suka koma zubi da roba da zaren gilashi. Yanzu akwai ƙanana masu tsala gudu, akwai waɗanda iska ke turawa da ƙyalle, akwai manya masu ɗakunan kwana da kicin da suka fi flat ɗina girma. Hoton tsohon yana rataye a ofis, da hular sanyi da gatari a hannu. Nawa tsohon ko hoto ɗaya ba shi da shi a bakin aiki.

Bara Abba ya yi ritaya ya sa gidan a kasuwa, ya kira ni in zo mu san yadda za a yi da jirgin. Yana nan inda aka bar shi, ƙarƙashin tamfol, gindinsa ya ruɓe har ciyawa ta ɓullo ta ciki. Na ɗauko tef don in ga gida nawa za a yanka shi. Sabo da aiki ya sa na auna lungun ma. Na sake aunawa. Na auna na uku. Ko karkata shi ba sai an yi ba, zai wuce har da ragowar yatsu huɗu.

Abba yana tsaye a ƙofar kicin da kofin shayi, yana kallona.

Na ce, "Abba, it fits. Zai wuce fa."

"Na sani," ya ce. "Tun ranar na sani."

Ya ajiye kofin a kan taga, ya ce, "Ni na ciro ƙanwata daga ruwa da hannuna. Sai in ɗauki ubana in kai, bayansa kuma ke? Ke ce fa ta biyu."

Na so in yi fushi, wallahi na so, amma ban samu inda zan ajiye shi ba. Ba mu yanka jirgin ba. Abba ya kama gaba, na kama baya, muka bi da shi ta lungun a hankali, ruɓaɓɓen katako yana zuba a kan takalmanmu. Ko sau ɗaya bai gogi bango ba. Da muka fito titi Abba ya zauna a bakin jirgin ya rufe fuska da hularsa.

Yanzu na'ura ce ke gaya mana ko jirgi zai yi iyo, tun kafin a zuba shi. Na saka mata awon jirgin Kaka, ta ce siffarsa ba ta da aibu. Amma siffa kawai ta sani, ba ta san katako da tsumma da kwalta ba, kuma waɗannan ƙasar Small Heath ta riga ta cinye su. Shi ya sa duk ranar da za a saka sabon jirgin da na zana a ruwa, nakan hau jirgin ƙasa in tafi kudu, in ce kowa ya dakata a gaɓa. Abokan aiki suna yi mini dariya, sun ɗauka camfi ne. Nakan ƙwanƙwasa gefensa sau uku, in shiga ni kaɗai, in matsa gefe guda in bar wa angona wuri.