Dokar Layin da Na Ɓoye

Shekara goma sha tara ina riƙe da layin motoci a wata tasha kusa da Gada Biyu. Wa ya riga zuwa, wa zai yi lodi, duk a kaina yake. A aji shida na tsaya, kuma ban taɓa neman biro ba.

Sai ƙanin matata, mai koyar da haɗa manhaja a jami'a, ya turo mini ɗalibai biyar. Wai haka yake koyarwa: ya haɗa su rukuni, ya ba su aikin gaske. Nasu shi ne su zuba layina cikin waya. Ciyaman ɗinmu ya ce in abin ya yi, zan huta. Na san irin hutun.

Kullum suna zuwa da "Oga, sannu da aiki", suna rubuta abin da na faɗa. Ba wayar ce ta fi ci mini rai ba. In ɗayansu ya yi kuskure, sai su ce ƙwaro ne ya shiga, su taru kan kwamfuta ɗaya su cire shi, har da dariya. Ni ranar da na fara rikita layi, mari na sha a gaban direbobi. Babu wanda ya ce ƙwaro ne.

Na gaya musu komai ban da abu ɗaya: direban da ya tafi jana'iza ba ya rasa layinsa.

Satin gwaji malamin nasu ya zo da farar riga, direbobi sai "Dokta, Dokta" suke yi. Ni ko "Malam" ban taɓa samu ba. A rana ta uku wani direba ya dawo daga binne kawunsa a Kuru, waya ta jefa shi can ƙarshe. Tasha ta kaure da hayaniya. Na naɗe hannu, ina jira in ga wanda za a zaga.

Shugabar ɗaliban, wata 'yar Anguwan Rukuba, ta fito ta ce, "Laifinmu ne, ba mu tambayi Oga da kyau ba." Sauran huɗun suka matso suka tsaya tare da ita. Alhali kuwa tun farko ta tambaye ni ko akwai saura, har sau biyu. Malamin ya dube ni, ya ce, "Yaya, ka gyara musu layin."

Na gyara kafin ya rufe baki. Ciyaman ya ce a ajiye waya, in ci gaba da aikina.

Na koma kan bencina. Su kuwa suka tafi cin abinci su biyar, suna gardamar inda za su sa dokar jana'izar a cikin manhajar. Na bi su da ido har suka tsallaka titi.