Gaji Mai Ƙosai a Bakin Zaure

Sau ɗaya tak aka taɓa kayar da Gaji mai ƙosai ta Gaya a cacar baki. Ta ce wa Obiora tela, Kiristan da ke haya a zaurenta, waƙoƙin cocinsa sun hana kajinta ƙwai. Ya ce, "Iya, ai duk zakaru ne."

Ranar bikin 'yancin kai na 1966, Obiora da 'yan'uwansa suna ciki suna yi wa ƙasa addu'a, sai ga samari da adduna, sun zo kashe su. Gaji, da ke suya a bakin zauren, ta ɗebi tafasasshen mai da ludayi ta sheƙa wa jagoransu Maiwada a ƙafa, ya faɗi yana birgima.

Ya ce, "Iya, arna kike karewa?"

Ta sake cika ludayi, ta faɗi maganar da ta watsa su: "Ni na yanke maka cibiya, ja'iri. Matso in ƙarasa aikin."