Ɗan Gawayi, Mai Gugar 'Yan Sanda

Mai askin bakin kasuwa ne ya fara ba ni labarin Ɗan Gawayi, yana riƙe da haɓata, aska a wuyana. Ya ce, "Ka ga mutumin can mai wanki da guga? Kada ka ba shi kayanka. Ɓarawon agogo ne, shekara huɗu ya yi a gidan yari."

Ni kuwa baƙo ne a unguwar, ina gyaran takalmi, sai Allah ya haɗa rumfata da tasa. Shekara goma sha tara muna tare, ko allurata ba ta taɓa ɓata ba. Rubuta yadda na faɗa, amarya, kada ki gyara wa kakanki magana.

Da can shi ke wanke kakin 'yan sandan ofishin bayan kasuwa. Yana da ƙa'ida: ba ya jiƙa tufa sai ya laluba aljihu, abin da ya samu ya ƙulle a ƙyalle ya kai wa mai shi hannu da hannu. Ko tsinken sakace ne. Wata rana ya samu agogo mai ruwan zinariya a wandon wani Saje. Bai tsaya tunani ba, ya nufi ofis da rana tsaka. Ashe akwai wani ɗan kasuwa zaune a benci, an fasa masa shago, Saje na gaya masa ba a gano komai ba.

Ɗan Gawayi ya yi sallama, ya kwance ƙyalle a kan tebur. "Ranka ya daɗe, ka manta wannan a aljihu."

Ɗan kasuwa ya zabura. "Agogona!"

Saje ko ƙifta ido bai yi ba. Ya ce, "Madalla, ɓarawo ya kawo kansa."

Aka rubuta takarda, aka kama yatsansa aka dangwala. Shi kamar ni ne, ko alif bai sani ba. Kafin ya fito matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya ta tashi ana ce mata 'yar ɓarawo. Da ta yi aure ba ta taɓa kawo masa jikokinsa ba. Ɗaurin bai ci shi ba kamar wannan sunan.

Ni na ja shi gidan kallo wata rana bayan azahar, har da mai aski, don an ce ana nuna fim ɗin wani ɗan sanda mai cin amana. Muka fito, mai aski na tsaki.

"Fim ba faɗa, ba gudun mota. Kai, Ɗan Gawayi, ai gara ka zauna ka hura dutsen gugarka."

"Kai gashi kawai ka sani," in ji Ɗan Gawayi. "Ka duba rigar mugun? Karin guga kamar wuƙa. Ba su ba shi jan ido ko tabo a fuska ba. Yana murmushi, yana tambayar ya iyali. Haka suke. Wanda ya shirya fim ɗin nan an taɓa kulle shi, ko an kulle ubansa."

Sau bakwai ya koma. Wurin da aka kama yatsan talaka aka dangwala, sai ya sunkuyar da kai. Amma ƙarshen, nan yake gyara zama. Ba a harbe mugun ba. Wata tsohuwa ce ta je gidansa, ta tsaya a gaban 'ya'yansa ta zayyana abin da ya yi wa ɗanta, shi kuwa ya rasa inda zai sa idonsa.

Ya ce da ni, "Maƙwabci, harsashi ai rahama ne. Wannan ita ce sakayya."

Ranar ya buɗe akwatinsa ya nuna min wata rigar kaki, da lamba a ƙirji. Ta Saje ce, tana kan igiya lokacin da aka kama shi, wata maƙwabciya ta adana masa. Saje ya yi ritaya, ya gina gida mai ƙofar ƙarfe, ana ce masa dattijon arziki. Ɗan Gawayi ya ce zai kai masa rigarsa ranar da 'ya'ya da jikoki suka taru, ya miƙa a gabansu, ya tambaye shi a aljihun wa agogo yake.

Sau ɗaya ya je, aka ce an kai Saje asibiti. Ya dawo yana addu'a kada Allah ya ɗauke shi tukuna. Saje ya warke, shi kuma tari ya kwantar da shi. Na je duba shi, ya riƙe hannuna ya ce, "Ban yafe ba. Kuma rigar mutane tana wurina." Bayan kwana uku ya cika.

Ni ma ban yafe ba. An ce Saje na zama ƙofar gida da hantsi ran Asabar, jikoki kewaye da shi. Rigar na ɗauko ta daga akwatinsa, tana ƙarƙashin gadona, naɗe cikin tsohuwar jarida. Ciwon gwiwar nan kawai nake jira ya ɗan sake ni.