Baƙin Salatif a Kan Wutar Inji

Jama'a, yau na bankaɗo juyin mulki a cikin gidana!

Kun san tsohuwar motata. Shekara tara wutar gargaɗin inji tana kunne, har mun zama 'yan uwa. Jiya Sabi'u, ƙanin matata Hajiya, ya ari motar. Yau na tayar, wuta ɗif! Na ce a'a, Sabi'un da ko taya bai iya canjawa ba?

Sai unguwar Badawa, wajen bakanikena Iliya. Ya jona na'ura ya ce, "Alhaji, cutarta bakwai, kuma duk suna nan." Ya kwance gilashin da ke gaban wutar, sai ga baƙin salatif an liƙe wutar da shi!

Na dawo unguwarmu Nassarawa ina huci. A ƙofar gida ga Sabi'u da wani baƙo, wai mai saye. Ya shafa motar ya ce, "Alhaji, ashe ka gaji da ita?"

Na ce, "Ni? In ji wa?"

Sabi'u ya sunkuyar da kai. Hajiya ta leƙo ta taga: "Ni ce na gaji! Ranar biki da sabon leshina na tura ta!"

Yanzu makulli yana cikin hulata, hular kuma tana kaina.