Madatsar da Yaya Ummaru ya fasa da hannunsa

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar yayana Ummaru, kuma cikin waɗanda suka ɗauki gawarsa ni kaɗai na rage. Idan na ambace shi yanzu a Sakkwato sai a ce wane Ummaru.

Fataucin shanu yake yi. Kafin a ba mu mulkin kai ya datse wani kwari a gonarsa ta bayan Dundaye, don shanun da yake tarawa kafin mahauta su saya su sami abin sha da rani. Da jakai da mangala aka kwaso ƙasar, shi da kansa yake bi yana dannewa. Yaya mutum ne mai ji da aikinsa, ko ni ƙanensa ban isa in ce ga wurin da ya karkace ba.

Wata rana Baturen ayyuka ya zo da tafinta, ya zagaya, ya leƙa gangare, ya rubuta. Tafinta ya ce an sa madatsar a ajin masu haɗari. Yaya ya ɗauka an ce aikinsa ne bai yi kyau ba. Ya kore su, ya ƙara mata tsayi don haushi, ruwa ya ƙara taruwa.

Sai bayan damina biyu suka haɗu da tafintan a Hubbare. Mutumin ya ce Baturen ma yaba ginin ya yi. Ajin ba ƙarfin madatsa yake aunawa ba, waɗanda ke ƙarƙashinta ake dubawa, su wa za ta ci in ta ɓalle. Ƙarƙashin tasa kuwa gidaje ne, da mata da yara.

Kwana uku Yaya bai ci abincin kirki ba. Da ruwa ya ja baya, ya ɗauki fartanya ya fasa ta. Na riƙe shi, na ce ai ba ta taɓa ko tsagewa ba. Ya ce, "Sani, ni ka sanin ba ta fashewa. Su mi sunka sani? Ba ni aje ruwa bisa kan ɗiyan mutane."

Shanu suka watse, abokan ciniki suka janye. Har mutanen gangaren suka yi fushi da shi, don su ma can suke ɗiban ruwa. A kasuwa ana cewa ya taɓu. Ni ma, Allah ya yafe mini, na daɗe ban taka gidansa ba, kuma wannan yana cina har yau.

Yanzu ina ganin masu hali suna datse kwari yadda suka ga dama, gidaje na ta tsirowa a ƙasansu. Da yana nan, na san gangare zai fara leƙawa.

Makon jiya na sa aka kai ni gangaren tsohuwar madatsar Yaya. Unguwa ce cike da jama'a. Na tambayi wata dattijuwa ko ta san labarin madatsar. Ta ce nan aka haife ta, nan ta aurar da jikokinta, ruwa bai taɓa shiga ɗakinsu ba, anya ba wani wurin nake nufi ba?

Na ce mata nan ne. Allah ya ji ƙan Yaya.